Tukuna, Ya Ubangiji

A wannan wata ba labarin ɗalibaina zan ba ku ba kamar yadda na saba. Labarin malaminsu ne, watau ni kaina, kuma ba labarin yabo ba ne.

Shekara 21 ke nan ina koyarwa a makarantar ikkilisiya. A cikin shekarun nan duka ban taɓa jin wani Kirista ya buɗe baki ya ce ya ƙi Allah ba. Amma akwai wata kalma da na sha ji a bakin manya da yara, har da bakina. Kalmar ita ce "tukuna." Zan koma addu'ar tsakiyar mako, amma tukuna, sai na gama girbi. Zan fara karanta Littafi Mai Tsarki tare da yara, amma tukuna, sai sun ƙara wayo. Zan fid da zakka, amma tukuna, sai na biya bashi. Ba mu kori Ubangiji daga gida ba. Mun dai ba shi kujera a zaure, mun ce ya jira mu gama abin da mu ke yi.

Ga yadda abin ya faru a gidana. Shekarun baya na sayi ɗan fili a bayan gari, gama mun gaji da zaman haya, ni da uwargida da yaranmu 4. Na sa aka haƙa tushe, na fara tara bulo kaɗan kaɗan. Da aka cire tallafin man fetur a shekara ta 2023, sai kome ya hau: siminti, kwanon rufi, katako, kuɗin mota, har da takin zamani. Albashin malami kuwa, kun san shi. Na zauna na yi lissafi, na ga in ban nemi wata hanya ba, ginin nan sai dai jikokina su ƙarasa shi.

Sai na buɗe darasin yamma domin 'yan sakandare masu shirin jarrabawa, daga ƙarfe 4 zuwa ƙarfe 7, Litinin zuwa Jumma'a. Iyayensu suna biya, kuɗi ya fara shigowa. Ranar Asabar kuma ina gonar masara tun asuba. Babu laifi ko ɗaya a cikin wannan. Amma addu'ar Laraba da ƙarfe 5 a ke yin ta, saboda haka ita ta fara faɗuwa. Bayanta sai addu'ar iyali ta dare. Na kan dawo a gajiye, in ci tuwo, barci ya kwashe ni a kan kujera. Uwargida ta kan tara yara a ɗaki, su yi waƙa ɗaya da ƙaramar murya don kada su tashe ni, su yi addu'a, su kwanta. Daga nan na miƙa ajina na Makarantar Lahadi ga wani saurayi, na ce masa na ɗan lokaci ne.

Sa'an nan abin ya kai ga Lahadi da safe. Duk wanda ya taɓa gini ya sani, in ba ka tsaya a kan aiki ba, buhun siminti ya kan yi ƙafa. Ni kuwa ba ni da wata ranar da ta rage sai Lahadi. Na fara da sau ɗaya. Kafin a jima ya zama sau biyu a wata. Zuciyata ba ta dame ni ƙwarai ba, domin ina da amsa a shirye. Duk wanda ya tambaye ni, ko fasto ko dattijo, na kan ce, "Da zarar an ɗora kwano za ku gan ni kamar dā. Tukuna dai."

Wata Lahadi da safe ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi wurin gini, sai na ga babban ɗana, ɗan shekara 13, yana zaune a tsakar gida da littafin lissafi, bai ko yi wanka ba. Ƙannensa sun riga sun shirya. Na ce masa, "Kai, ba za ka sujada ba ne?"

Ya ce, "Baba, gobe muna da jarrabawa. In na gama zan koma. Tukuna dai."

Raina ya ɓaci. Na fara yi masa faɗa, ina ce masa ɗan malami ne shi, kada ya ja mini abin kunya a gaban jama'a. Uwargida tana bakin ƙofa da ɗankwali a hannu. Ta bari na gama, sa'an nan ta ce a hankali, "Malam, a bakin wa ya ji?"

Ban amsa ba. Na dubi ƙafata, ga takalmin zuwa gini. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara da shekaru ina koya wa yaron nan da baki cewa Allah ne na fari. Amma cikin wata 18 na koya masa da ƙafa cewa Allah shi ne wanda a ke iya ɗagawa in wani abu mai muhimmanci ya taso. Yaro kuwa darasin ƙafa ya fi kamawa.

Ba zan ɓoye maku ba, ran nan na tafi wurin ginin, gama magina suna jirana. Amma maganar ta bi ni. Cikin makon nan kuma, bisa ga tsarin karatu na zangon, sai ya zama darasin da zan koyar a aji shi ne komowar Yahudawa daga bauta a Babila. Tilas na buɗe littafin annabi Haggai domin in shirya. Ɗan ƙaramin littafi ne, sura 2, aya 38. Na sha koyar da shi, amma ban taɓa ganin fuskata a ciki ba sai wannan karo.

Bari in tuna maku da labarin. A shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawa izini su koma Urushalima su sake gina Haikali. Mutum fiye da 42,000 suka koma. Waɗannan ba kangararru ba ne. Su ne waɗanda suka bar zaman da suka saba da shi a Babila, suka yi doguwar tafiya saboda sunan Allah. Suka gina bagade, suka kafa tushen Haikali da waƙa da kuka da murna. Sai maƙwabta suka tashe su da ƙara da tsoratarwa, aikin ya tsaya. Ya tsaya wajen shekara 16.

A cikin shekarun nan ba su zauna a banza ba. Kowa ya juya ga gonarsa da gidansa. Har waɗansu suka yi wa ɗakunansu ado da katako. In an ta da zancen Haikali ba sa cewa ba za su gina ba. Su kan ce lokacin ne bai yi ba. Watau "tukuna" ke nan, da harshensu.

A shekara ta 520, cikin shekara ta 2 ta sarautar Dariyus, Allah ya aiko Haggai wurin Zarubabel mai mulki da Yoshuwa babban firist. Sau biyu ya ce wa jama'a su tsaya su duba yadda al'amuransu su ke tafiya. Suna shuka da yawa, girbi kaɗan. Suna ci, ba ƙoshi. Mai aikin lada kuma kamar yana zuba kuɗinsa a jakar da ta huje. Da na iso nan sai na ajiye alkalami. Kuɗin da ke shigo mini ya kusan ninka na dā, amma ban taɓa zama cikin damuwar kuɗi kamar lokacin nan ba. Da na sami na siminti sai in fara tunanin na katako. Barcina ya ragu, fushina ya ƙaru, yara sun daina kawo mini hira.

Kada mu ɗauka cewa maganar Haggai ta ginin majami'a ce kaɗai. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa masu bi su ne haikalin Allah yanzu. Tushen da na bari ciyawa ta rufe ba a bayan gari ya ke ba. Yana cikin ɗakin da yarana ke addu'a da ƙaramar murya don kada su tashi ubansu.

Abin da ya ƙarfafa ni shi ne ƙarshen labarin. Haggai ya yi magana ran 1 ga wata na 6. Ran 24 ga watan nan jama'a sun riga sun kama aiki. Abin da ya kwanta shekara 16 ya tashi cikin kwana 23. Sarkin Farisa bai aiko da sabon kuɗi a kwanakin nan ba, damina kuma ba ta sake ba. Abin da ya sake shi ne abin da suka sa a gaba. Ku lura kuma da saƙon farko da Allah ya aiko masu bayan sun juyo. Bai fara da zancen rumbu ba. Ya fara da tabbatar masu cewa yana tare da su. Aka gama Haikalin a shekara ta 6 ta sarautar Dariyus.

Ubangiji Yesu ma ya taɓo wannan cuta. A cikin Luka sura 14 ya ba da misalin wani mutum da ya shirya babban biki, ya aika a kira waɗanda aka gayyata. Na fari ya ba da hanzari da gonar da ya saya. Na biyu da shanun noma da zai gwada. Na uku da amaryar da ya yi. Ku duba da kyau. Ba ɓarawo a cikinsu, ba mashayi, ba mazinaci. Gona abin kirki ce, shanu abin kirki ne, aure kuwa Allah ne ya kafa shi. Duk da haka ba wanda ya ɗanɗana abincin a cikinsu. Yawancinmu ba mugun abu ne ke raba mu da Ubangiji ba. Abin kirki ne wanda ya hau kujerar da ba tasa ba.

Na san wani zai ce, "Malam, ashe sai mu bar neman abinci mu kwana a majami'a?" Ko kusa. Bulus da kansa ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa a Korinti domin kada ya nawaita wa kowa. Ya tsauta wa masu zaman banza a Tasalonika. Ya gargaɗi Timoti a kan mai bi wanda ba ya kula da iyalinsa. Neman kuɗin makaranta wajibi ne. Rufa wa iyali asiri da gida nasu abu ne mai kyau. Maganar ita ce wanne ke gaba, wanne ke bi.

Manomanmu sun san wannan sarai. Sa'ad da aka yi girbi, manomi mai hankali ba ya jira sai an ci an rage kafin ya nemi iri. Tun a kaka ya ke zaɓen zangarniya mafi kyau, ya ɗaure ta dabam, ya rataye inda ba mai taɓawa. Ko yunwa ta shigo da bazara, ba a daka iri. Wanda ya ce abin da ya ragu a gindin rumbu shi zai shuka, ruwan fari zai same shi hannu wofi. Haka lokacin Allah ya ke, haka kuma rabonsa cikin kuɗinmu. In ba a ware tun farko ba, ba ya raguwa. Ban taɓa ganin ranar da aiki ya ƙare ya bar mini sa'a guda ta addu'a ba, ban kuma taɓa ganin albashin da ya kai ƙarshen wata da saura ba.

Amma akwai gargaɗi a nan. A zamaninmu ana yawan wa'azin cewa in ka ba Allah ɗaya zai mayar maka da ɗari kafin mako ya ƙare. Wannan ciniki ne, kuma mai yin haka har yanzu kuɗi ne a gabansa, Allah kuwa ya zama masa hanyar samu. Domin wannan na kan ba ɗalibaina labarin wani malamin makaranta kamata, amma na kan ba su shi har ƙarshe.

Sunansa Eric Liddell, mutumin Sikotilan. An haife shi a ƙasar Sin a 1902, inda iyayensa ke aikin mishan. Ya tashi da baiwar gudu, har aka zaɓe shi ya wakilci Birtaniya a wasannin Olamfik na birnin Paris a 1924. Gudun mita 100 shi ne nasa. Amma tun watanni kafin wasan aka san cewa zagayen farko na gudun nan ran Lahadi zai faɗo. Shi kuwa ya riga ya keɓe ranar ga Ubangiji. Ya janye, ya sha zargi, ya koma horon mita 400. A nan ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6, ya kuma sami tagulla a mita 200.

Masu wa'azi da yawa a nan su ke tsayawa, jama'a su yi tafi. Amma saura na nan. A 1925, yana tsakiyar suna, ya bar kome ya koma ƙasar Sin ya zama malamin makaranta a birnin Tiyanjin. Da yaƙi ya tsananta, a 1941 ya aika da matarsa da 'ya'yansa mata 2 zuwa Kanada, tana da cikin ta uku. Bai taɓa ganin 'yar nan da idonsa ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a wani sansani tare da sauran baƙi. A can ya ci gaba da koya wa yara karatu, yana shirya masu wasanni, yana taimakon tsofaffi. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labari cewa da fari ya ƙi tsaya wa wasan yara ran Lahadi, amma da ya ga sun kaure da faɗa don ba babba a kansu, sai ya fito ya yi masu alƙalanci. Mutumin da ya bar zinariya saboda Lahadi ya ba da Lahadinsa saboda yara. Ashe ba ranar ya ke bauta wa ba, Mai ranar ya ke bi. Ya rasu a sansanin a watan Fabrairu 1945 da ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43. Ni na riga na wuce shekarunsa. Sa Allah a gaba bai ba shi dukiya ko tsawon rai ba. Amma bai mutu da "tukuna" a bakinsa ba.

To, me na yi? Na fara da abin da ya fi wuya. Na kira ɗana na ce masa, "Abin da ka faɗa ran nan, a wurina ka koya. Na yi kuskure, ka gafarta mini." Ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba. A al'adarmu uba ba ya roƙon ɗa gafara, ni ma na ji nauyin abin ƙwarai. Daga nan na soke darasin Laraba, na rage na sauran kwanaki zuwa ƙarfe 6. Waɗansu iyaye suka kwashe 'ya'yansu suka kai wani wuri. Na gaya wa magina ba aiki ran Lahadi, sai Asabar da rana bayan na taso daga gona. Muka mai da addu'ar iyali kafin abincin dare maimakon bayansa, gama mai jin yunwa ba ya gyangyaɗi. Wayoyi duka, har da tawa, a kan tebur su ke zama sai an ce amin.

Kuna so ku ji ko wata mu'ujiza ta biyo baya. Ga gaskiya: damina biyu ta wuce a kan ginin nan babu rufi, har gefe ɗaya na bango ya tsage. Har yau a gidan haya na ke rubuta maku wannan. Akwai daren da na kan yi lissafin abin da na rasa, zuciyata ta ce mini na yi wauta. Ɗana yana zuwa sujada, amma ban san abin da ke cikin ransa ba, ina dai yi masa addu'a. Abin da zan iya shaida shi ne, yanzu ƙaramarmu ta kan kawo mini Littafi Mai Tsarki da kanta in yamma ta yi, uwargida kuma ta daina yin waƙa da ƙaramar murya.

'Yan'uwa, ba ni da ikon faɗa wa kowa yadda zai tsara kwanakinsa. Akwai ma'aikatan asibiti da masu tsaro waɗanda tilas su yi aiki ran Lahadi, akwai gwauraye mata da ke fama su kaɗai da bakuna da yawa. Ubangiji ya san halin kowa. Amma ina roƙonku ku yi abu ɗaya a wannan wata. Maigida da uwargida ku zauna bayan yara sun kwanta. Kowa ya faɗi abu guda da ya daɗe yana ce wa Allah "tukuna" a kansa, ya kuma faɗi abin da ya ce yana jira. Sa'an nan ku tambayi juna: in abin nan ya samu, ba wani ne zai maye gurbinsa ba? Ni na ce kwano na ke jira. Da an ɗora kwano da na ce sai an yi filasta, bayan filasta sai rijiya, bayan rijiya sai kuɗin jami'a. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wadda ka fara sa wa a baki ita ce taka.

In kun gama, ku tara yara washegari ku karanta littafin Haggai tare. Ba zai ɗauke ku minti 10 ba. Kada ku jira sabuwar shekara, kada ku jira a gama sussuka. Mutanen Urushalima kwana 23 ya ishe su. Yaranmu kuwa ba za su tsaya da girma suna jiranmu mu gama gini ba.

Ubangiji ya ba mu alherin sa shi a gaba, yau. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.